Makiyayan Zamani Sun Sauka A Lisbon, 'Yan Gari Na Kukan Tsadar Haya

A ranar Asabar, 1 ga watan Afrilu na shekarar 2023, dubban mutane suka yi jerin gwano a titunan Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, da kuma waɗansu garuruwan ƙasar irin su Porto, suna kuka a kan abu guda, watau wurin kwana. Kukansu kuwa yana da tushe. A cikin shekarar nan albashi mafi ƙanƙanta a Fotugal Yuro 760 ne a wata, alhali hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya a cikin Lisbon ta zarce Yuro 1,000. A shekarar da ta gabace ta, watau 2022, fiye da rabin ma'aikatan ƙasar ba su samun Yuro 1,000 a wata. Ke nan mutum yana iya tashi da asuba ya yi aiki har faɗuwar rana, wata ya ƙare ya karɓi albashinsa cif, amma ya kasa kama ɗaki a garin da aka haife shi.

Daga cikin waɗanda masu zanga-zangar suka ɗora wa laifi har da waɗansu baƙi na daban, waɗanda ba 'yan yawon buɗe ido ba ne na kwana uku, ba kuma 'yan ci rani ba ne masu neman aiki a masana'antu. Su waɗannan da aikinsu suke zuwa a cikin jaka. Turawa sun raɗa musu suna mai ma'anar makiyayan zamani, domin yadda makiyayi yake bin ruwa da ciyawa daga wannan daji zuwa wancan, haka su ma suke bin intanet mai ƙarfi da rayuwa mai sauƙi daga wannan ƙasa zuwa waccan. Garkensu duka bai wuce kwamfutar tafi-da-gidanka da wayar hannu da katin banki ba.

ASALIN AL'AMARIN

Wannan irin rayuwa ta girmi intanet ɗin da aka sani a yau. A cikin shekarar 1983 wani marubuci Ba'amurke mai suna Steven Roberts ya rabu da gidansa a garin Columbus na jihar Ohio, ya hau wani keke na musamman wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, ya ɗaura masa wata 'yar kwamfuta ƙirar Radio Shack da faifan tara hasken rana, ya kama hanya. Duk inda ya yada zango sai ya rubuta maƙalarsa, ya nemi wayar tarho ya aika da ita ta hanyar kamfanin CompuServe, editocin mujallu su biya shi. Daga 1983 zuwa 1991 ya yi tafiyar mil wajen 17,000 a kan kekuna uku da ya harhaɗa, na ƙarshensu kuwa an ajiye shi a gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kalifoniya.

A zamanin nan mutane sun ɗauki Roberts a matsayin mai abin al'ajabi kawai. Sai a cikin 1997 wani masanin harkar lantarki na kamfanin Hitachi a Japan, Tsugio Makimoto, shi da wani ɗan jaridar Ingila, David Manners, suka wallafa littafi mai suna Digital Nomad, inda suka yi hasashen cewa na'urori za su ƙanƙance, sadarwa ta yi arha, har ma'aikata da yawa su daina ɗaure kansu a gari guda. Daga nan ne sunan ya bazu.

Amma abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne annobar korona ta 2020. Da aka rufe ofisoshi aka ce kowa ya yi aiki daga gida, sai kamfanoni suka ga ashe aiki bai tsaya ba. Ma'aikata kuma suka yi tunani cewa idan daga ɗaki za a yi aikin, to, babu bambanci ko ɗakin yana London ko yana bakin teku a wata ƙasa mai rana. Wani kamfanin bincike na Amurka, MBO Partners, ya ƙiyasta Amurkawan da suke kiran kansu da wannan suna sun tashi daga miliyan 7.3 a 2019 zuwa miliyan 10.9 a 2020, sa'an nan suka kai miliyan 18.1 a 2024, ko da yake da yawa daga cikinsu a cikin Amurka suke zagayensu.

YADDA RIBAR TAKE

Galibin masu wannan rayuwa sana'o'insu irin waɗanda ake gamawa a kan allon kwamfuta ne, kamar rubuta manhaja, da zane-zanen talla, da fassara, da lissafin kuɗi, da koyar da harshe, da ba kamfanoni shawara. Waɗansu ma'aikatan dindindin ne masu albashin wata, waɗansu kuwa 'yan kwangila ne, aiki ya zo su yi a biya su.

Asirin abin yana cikin ratar da ke tsakanin inda ake samun kuɗi da inda ake kashe su. Mutumin da kamfani yake biyansa albashin New York ko na Berlin, idan ya zauna can, haya da abinci da kuɗin mota za su cinye mafi yawan abin da ya samu. Idan kuwa ya ɗauki albashin nan bai ragu da ko kwabo ba ya koma garin da ɗan ƙasa yake rayuwa a kan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na wannan kuɗi, to, nan take ya zama attajiri ba tare da an yi masa ƙarin girma ba. Zai kama gida mai kyau a tsakiyar gari, ya ci abinci a waje kullum, ya kuma yi ajiya.

Saboda haka ne waɗansu garuruwa suka yi suna a wurinsu, kamar Chiang Mai a arewacin Tailan, da Canggu a tsibirin Bali na Indunusiya, da Medellin a Kolombiya, da birnin Meziko, da kuma Lisbon. Har ma suna da lokutan tashi irin na makiyaya. A Chiang Mai, alal misali, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki da dazuzzuka yakan turnuƙe gari, sai baƙin su tattara su nufi bakin teku ko wata ƙasa, 'yan gari kuwa su zauna su shaƙa.

Lisbon ta haɗa abubuwa da dama da suke nema. Sanyinta bai kai na arewacin Turai ba, akwai zaman lafiya, matasanta da yawa suna jin Ingilishi, intanet yana da ƙarfi. Bugu da ƙari agogonta ɗaya ne da na London, ratarta da New York kuwa sa'a biyar ce kawai, don haka mutum yana iya halartar taron ofishinsa da rana ba sai ya hana idonsa barci ba.

GWAMNATOCI SUN SHIMFIƊA TABARMA

A da, yawancin waɗannan mutane da bizar yawon buɗe ido suke shiga ƙasashe, su yi aikinsu shiru, domin dokokin shige da fice ba su san da irinsu ba. A ƙasashen Turai na yankin Schengen baƙo ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, sai ya fita ya jira. Da annoba ta kashe kasuwar yawon buɗe ido, otal-otal suka zama kufai, sai gwamnatoci suka fara zawarcinsu a fili.

Tsibirin Barbados ne ya yi fice da wuri. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Firayim Minista Mia Mottley ta fito da izinin zama na wata 12 a kan Dala 2,000, ga wanda yake samun Dala 50,000 a shekara. Ranar 1 ga watan Agusta na wannan shekara ƙasar Istoniya ta buɗe tata bizar ta shekara guda. Kafin a jima ƙasashe da dama suka bi sahu, har da Sifen a 2023, da Japan da Tailan a 2024.

A Fotugal kuwa an fara ne daga tsibirin Madeira, wanda yake cikin tekun Atlantika, ya ma fi kusa da gaɓar Maroko a kan Lisbon. A watan Fabrairu na 2021 hukumomin tsibirin suka ayyana wani ƙaramin gari mai suna Ponta do Sol, mai mutane wajen 8,000, a matsayin ƙauyen makiyayan zamani, suka ba su zauren aiki da intanet kyauta a cibiyar al'adu ta garin. Sa'an nan a ƙarshen watan Oktoba na 2022 gwamnatin ƙasa ta fito da biza ta musamman. Sharaɗinta shi ne mai nema ya nuna aikinsa yana wajen Fotugal, kuma samunsa na wata ya ninka albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar sau huɗu, wanda a lokacin ya kama Yuro 2,820. Watau dokar da kanta ta tanadi cewa baƙon da zai shigo ya fi ƙaramin ma'aikacin ƙasar ƙarfin aljihu har sau huɗu, kuma kasuwar haya guda za su shiga tare.

Hujjar gwamnati a bayyane take. Baƙon ba zai ƙwace aikin kowa ba tun da aikinsa yana waje, amma zai kashe kuɗinsa a cikin gida, masu gidajen abinci da masu tasi da masu shaguna su amfana, kuma zai zauna wata da watanni har a lokacin hunturu da 'yan yawon buɗe ido suke ɗaukewa. Wannan gaskiya ne, an kuma gani a Ponta do Sol. Abin da ba a yi lissafinsa sosai ba shi ne inda baƙon zai kwana.

TUSHEN MATSALAR HAYA

Adalci ya wajabta a faɗa cewa ba makiyayan zamani ne suka haƙa ramin da Lisbon ta faɗa ba, sun dai tarar da shi ne suka ƙara masa zurfi. A cikin 2011 tattalin arzikin Fotugal ya durƙushe har ta karɓi rancen ceto na Yuro biliyan 78 daga Tarayyar Turai da Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya. Daga cikin gyare-gyaren da suka biyo baya har da dokar haya ta 2012, wadda ta sauƙaƙa wa masu gidaje ƙarin kuɗi da sallamar tsofaffin 'yan haya. A wannan shekara kuma aka fito da abin da ake kira bizar zinariya, wadda take ba da izinin zama ga baƙon da ya sayi gida na Yuro 500,000. Tun 2009 kuwa akwai wani rangwamen haraji na shekara goma ga baƙin da suka dawo da zama ƙasar, inda masu waɗansu sana'o'i suke biyan kashi 20 cikin ɗari kawai.

A kan wannan sai ga kasuwar hayar kwanaki ta intanet, irin ta kamfanin Airbnb. Mai gida ya lissafa ya ga abin da ɗan gari zai ba shi a wata, baƙo zai ba shi a mako guda ko biyu, sai ya ƙi sabunta yarjejeniya, ya yi wa gidan fenti, ya zuba kujeru, ya sa shi a kasuwa. Tsofaffin unguwanni irin su Alfama da Mouraria, inda iyalai suka yi zamani bayan zamani, suka soma zama masaukin baƙi. Ƙidayar jama'a ta nuna gundumar Santa Maria Maior, wadda ta ƙunshi waɗannan unguwanni, ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mazaunanta tsakanin 2011 da 2021. Gidajen gwamnati masu sauƙin haya kuwa ba su wuce wajen kashi 2 cikin ɗari na gidajen ƙasar ba, saboda haka wanda aka tasa ba shi da wurin fakewa sai bayan gari, ko gidan iyaye, ko kuma ya bar ƙasar.

Inda makiyayin zamani ya fi ɗan yawon buɗe ido taɓa ɗan gari shi ne irin gidan da yake nema. Mai kwana uku otal ya ishe shi. Mai wata shida kuwa yana son gida sosai, da kicin da teburin aiki, a unguwa mai kasuwa da tashar jirgin ƙasa, watau daidai gidan da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya suke nema. Abin da zai biya yana murna da arha, shi ne abin da ya fi ƙarfin albashinsu gaba ɗaya.

Matsin lambar jama'a ya sa gwamnatin Firayim Minista Antonio Costa ta ja da baya. A watan Oktoba na 2023 aka soke hanyar samun bizar zinariya ta sayen gida, aka dakatar da ba da sababbin lasisin hayar kwanaki a mafi yawan birane, aka kuma rufe rangwamen harajin nan ga sababbin zuwa daga 2024. Gwamnatin da ta gaje ta, ta Luis Montenegro, ta sassauta takunkumin hayar kwanaki a 2024, ta miƙa wa ƙananan hukumomi ikon tsara abin. Bizar makiyayan zamani dai ba a taɓa ta ba.

Ba Lisbon kaɗai ta ji a jikinta ba. A birnin Meziko, inda hukumar birni ta ƙulla yarjejeniya da Airbnb a watan Oktoba na 2022 don jawo irin waɗannan baƙi, ɗaruruwan mutane sun yi zanga-zanga ranar 4 ga watan Yuli na 2025 a unguwannin Roma da Condesa a kan tsadar haya, har aka farfasa gilasan waɗansu shaguna.

SU MA DA NASU

Hotunan da ake gani na mutum da kwamfuta a gindin bishiyar kwakwa ba su faɗi dukan labari ba. Wanda yake Tailan yana yi wa kamfanin New York aiki, ratar agogonsu sa'a 11 ce ko 12, ke nan ofishinsa yana buɗewa ne daidai lokacin da gari yake shirin barci. Ga batun haraji, domin a ƙasashe da yawa wanda ya kwana 183 a cikin shekara ya zama mai biyan haraji a can, Amurka kuwa tana bin 'yan ƙasarta da takardar haraji duk inda suke a duniya. Ɗan kwangila ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya, ranar da aiki ya yanke kuwa babu dangi kusa.

Sai kuma kaɗaici. Mutum ya yi abokai yau, bayan wata biyu kowa ya kama gabansa. Da yawa ba su koyon harshen gari, ba su san sunan maƙwabci ba, ba su zuwa biki ba su zuwa makoki, hulɗarsu duka da 'yan'uwansu baƙi ce a zauren aikin haya. A nan ne kamancen da makiyayi na gaskiya ya tsaya, domin shi makiyayi da iyalinsa da danginsa yake tafiya, yana kuma da mashekarin da yake komawa kowace shekara, ya san sarkin gari, sarkin gari ya san shi. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

FASFO NE MABUƊI

Mai karatu a Kano ko Ikko ko Fatakwal yana iya tambaya, shin wannan ƙofa a buɗe take ga matasan Nijeriya? Ta fuskar aiki, ba shakka akwai 'yan Nijeriya masu rubuta manhaja da zane da sauran sana'o'i waɗanda suke yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu, suna fama da janareto da kuɗin data, kuma shigowar intanet na tauraron ɗan Adam na Starlink a watan Janairu na 2023 ta rage wa masu hali wahala. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mai fasfon Jamus ko Japan yana shiga ƙasashe wajen 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, mai fasfon Nijeriya kuwa nasa ba su kai 50 ba. A cikin 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na takardun neman bizar Schengen daga Nijeriya an ƙi su, kuɗin nema kuma Yuro 90 ne da ba a mayarwa. Sharaɗin Fotugal na ninki huɗu ya kai Yuro 3,480 a wata a cikin 2025, watau fiye da Naira miliyan biyar, a ƙasar da aka yanke albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000 a 2024. Ga kuma abin lura: saurayin Turai da ya sauka Afirka da kwamfutarsa makiyayin zamani ake ce masa, saurayin Afirka da ya nufi Turai da irin wannan kwamfuta kuwa tilas ya fara rantsuwa cewa zai koma gida.

Hanyar da ta fi sauƙi tana cikin nahiyar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar har kwana 90 babu biza, shirin zaman wata shida da tsibiran Cape Verde suka buɗe a watan Disamba na 2020 kuma ya haɗa da 'yan ƙasashen ECOWAS.

Ƙasashen Afirka ma sun shiga zawarcin baƙin. Mauritius ta buɗe tata bizar a 2020, Namibiya a 2022, Afirka ta Kudu a 2024, Kenya ma ta ba da sanarwar tata a watan Oktoba na 2024. Tuni mazauna Cape Town suka soma irin kukan da aka ji a Lisbon. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, akan shafa wa na kai ruwa. Abin da Fotugal ta koya da tsada shi ne, buga hatimi a fasfo aikin minti guda ne, gina gidaje kuwa aikin shekaru ne, kuma duk gwamnatin da ta yi na farkon ta jinkirta na biyun, to, ɗan hayan da ke tsakiyar gari ne zai biya bambancin. Lalle ne hukumomin birane su san yawan gidajen da suka koma hayar kwanaki, su sa musu iyaka unguwa unguwa, su kuma kare yarjejeniyar ɗan haya tun kafin jirgin farko ya sauka da baƙi.